YUSUF, ISUHU, YESUFU, JOSEPH: SUNA ƊAYA NE, MU BAR GARDAMA A BAKI MU GYARA TAKARDA



A kowace unguwar Hausawa da ke Kudu, daga Sabo ta Ibadan zuwa Agege da Idi-Araba a Legas, har zuwa Ama Hausa ta Owerri, da wuya mutum ya bi layi ɗaya bai tarar da mai suna Yusuf ba. Sai dai kowa da yadda ake kiransa. Dattijon da ya zo daga Sakkwato ko Maraɗi Isuhu ne. Na Kano da Zariya Yusufu ne. Ɗan makarantar Islamiyya ya fi son a ce masa Yusuf. Maƙwabcinmu Bayarabe ko mutumin Auchi zai ce Yesufu. Wanda muke ciniki da shi a kasuwa, ranar Lahadi ya tafi coci, shi kuma Joseph ne.

Wannan bambanci yana jawo mana abu biyu. Na farko gardama da raini: yaro ya ji an kira kakansa Isuhu sai ya yi dariya, wai sunan ƙauye ne, wani kuma ya rantse cewa Joseph da Yusuf ba su haɗa komai ba. Na biyu ya fi ciwo, domin asarar kuɗi da lokaci ce: mutum ɗaya, takardu huɗu, rubutun suna iri huɗu. Ra'ayinmu a kan wannan a fili yake. Sunan ɗaya ne, asalinsa ɗaya, ma'anarsa ɗaya. A baki, a bar kowa ya faɗe shi yadda harshensa ya ba shi. A takarda kuwa, dole kowane gida ya tsaya a kan rubutu ɗaya tak. Bari mu kawo dalilanmu.

DAGA INA SUNAN YA FITO?

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka Yusuf kalmar Larabci ce, tunda a Alƙur'ani muka fara jin ta. Gaskiya ne Alƙur'ani ya ɗaukaka wannan suna. Sura ta 12 gaba ɗaya, mai ayoyi 111, ƙissar Annabi Yusuf (AS) ce daga farko har ƙarshe. An ambaci sunan sau 27 a Alƙur'ani: sau 25 a cikin surarsa, sau ɗaya a Suratul An'am, sau ɗaya a Suratu Gafir. Amma su kansu malaman Larabci sun bayyana cewa sunan baƙo ne a harshensu. Zamakhshari, mai tafsirin Kashshaf, wanda ya rasu a shekara ta 538 bayan Hijira, ya ce sunan na Ibraniyanci ne, ya kuma ƙi yarda da masu cewa Balarabe ne. Hujjarsa ta nahawu ce: sunan ba ya karɓar tanwini, kamar yadda Ibrahim da Isma'il da Ishaƙ da Yaƙub ba sa karɓa, kuma haka Larabawa ke yi wa sunayen da suka shigo musu daga wani harshe. Duk wanda ya yi karatun nahawu a zaure ya san wannan babi.

Ibraniyanci shi ne harshen Bani Isra'ila, ɗan uwan Larabci ne kamar yadda harsuna biyu kan fito daga tsatso ɗaya. A can sunan Yosef ne, daga wani aikatau mai nufin ƙarawa. Ma'anarsa addu'a ce: Allah ya ƙara. Littafin Farawa, wanda Yahudawa da Kiristoci ke karantawa, ya kawo dalilin sunan a babi na 30. Rahila, matar Annabi Yaƙub (AS), ta daɗe ba ta haihu ba alhali 'yar uwarta tana ta haihuwa. Da ta sami ɗa namiji sai ta sa masa wannan suna tana roƙon a ƙara mata wani. Daga baya kuwa aka haifi Binyaminu, ƙanen nan da muka sani a ƙissar, wanda aka sa ma'aunin sarki a cikin kayansa.

Saboda haka duk uban da ya raɗa wa ɗansa Yusuf ya yi abu biyu a lokaci guda: ya nemi albarkar sunan Annabi, ya kuma roƙi ƙari. Larabawa suna da nasu sunayen masu wannan ma'ana, irin su Zaidu da Yazidu da Ziyadu. Maƙwabtanmu Yarabawa ma suna da Olamilekan, wanda ake gajartawa a ce Lekan, ma'ana arzikina ya ƙaru da ɗaya. Burin iyaye ɗaya ne ko'ina.

Akwai wata ma'ana da ke yawo a wayoyi, wai Yusuf na nufin baƙin ciki, wasu kuma su ce kyakkyawa. Ta farko ta samo asali ne daga kamar da sunan ya yi da kalmar Larabci ta baƙin ciki, wadda ta zo tare da shi a aya ta 84, inda Annabi Yaƙub (AS) ke kukan rabuwa da ɗansa. Kamar sauti ce kawai, ba asalin kalma ba. Ta biyu kuwa siffar Annabin ce, domin ya tabbata a hadisin Isra'i cewa an ba shi rabin kyau. Siffar mai suna daban, ma'anar suna daban. Muna roƙon masu tura irin waɗannan jerin ma'anonin sunaye su riƙa tambayar malamai kafin su yaɗa.

YADDA YOSEF YA ZAMA JOSEPH

Tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Yahudawan birnin Iskandariya na Masar suka fara fassara littattafansu zuwa harshen Girka. Girkawa ba su da harafin "ya" irin na Ibraniyanci, sai suka fara sunan da wasalin "i". Daga nan ya shiga Latin, harshen Rumawa da cocin Turai, ana rubuta shi Ioseph. Wannan "ph" da ke ƙarshe ba wani abu ba ne illa yadda Rumawa ke rubuta harafin Girka da daga baya ake furtawa kamar "f". Harafin J kuwa sabon shiga ne. Da can I da J harafi ɗaya ne, har Baibul na Turanci da aka buga a zamanin Sarki James a 1611 da I ya rubuta sunan.

Da J ta tsaya da ƙafarta, kowace al'umma ta ba ta nata sauti. Baturen Ingila ya ce Josef da "j" irin tamu. Bajamushe yana rubuta J amma "y" yake furtawa, wato Yozef, kusa da asali. Mutumin Sifen ya rubuta José ya furta Hose. Mutumin Italiya ya mai da shi Giuseppe. Ɗan Rasha ya ce Iosif.

Matasanmu masu kallon ƙwallo sun daɗe suna kiran wannan suna ba su sani ba. José Mourinho Yusuf ne. Pep Guardiola cikakken sunansa Josep, Pep ɗin gajartawa ce irin ta mutanen Kataloniya, kamar yadda mu ke mai da Ibrahim Iro. Pepe Reina, tsohon mai tsaron gidan Liverpool, José ne. Filin San Siro na birnin Milan sunansa na hukuma Giuseppe Meazza. Sepp Blatter, wanda ya shugabanci FIFA daga 1998 zuwa 2015, Joseph ne. Haka Joe Biden na Amurka. A nan gida, kyaftin ɗin da ya ɗaga wa Najeriya kofin Afirka a 2013, Joseph Yobo, shi ma takwaran Isuhun unguwarmu ne.

Abin da ya ƙara yaɗa sunan a ƙasashen Kirista shi ne, ban da ɗan Yaƙub, suna da wani Yusufu a Linjilarsu, kafinta, wanda suke ɗauka mijin Maryamu ne. Shi ne "Saint Joseph" da muke gani a allon makarantu da asibitocin mishan a garuruwan da muke zaune.

YADDA YUSUF YA ZAMA ISUHU

Ta ɓangarenmu, sunan ya biyo hanyar Musulunci. Tun zamanin Manzon Allah (SAW) ake sa shi. Abdullahi ɗan Salam, malamin Yahudawan Madina da ya musulunta, ɗansa ya ba da labarin cewa Annabi (SAW) ne da kansa ya sa masa suna Yusuf. Daga nan sunan ya bazu. Babban alƙalin Halifa Haruna Rashid, almajirin Imam Abu Hanifa, sunansa Yaƙub amma duniya ta san shi da Abu Yusuf. Yusuf ɗan Tashfin, jagoran Murabiɗun, shi ya ci yaƙin Zallaƙa a Andalus a 1086. Salahuddin Ayyubi, wanda ya karɓo Ƙudus a 1187, Salahuddin laƙabi ne, sunan yankansa Yusuf.

Da sunan ya iso ƙasar Hausa, harshenmu ya yi masa abin da yake yi wa kowace baƙuwar kalma. Bahaushe ba ya son rufe kalma da baƙi, sai ya ƙara wasali. Shi ya sa Adam ya zama Adamu, Umar ya zama Umaru, Usman ya zama Usmanu, Yusuf ya zama Yusufu. Sannan a karin harshen yamma, wato Sakkwato da Katsina da Gobir da yawancin Nijar, "f" kan koma "h": fura ta zama hura, fuska ta zama huska, tafi ya zama tahi. Ta haka Yusufu ya zama Yusuhu. Sai kuma "yu" ta farko ta sassauta ta koma "i", kamar yadda Yunusa ya zama Inusa. Ga Isuhu ya fito. Babu kuskure ko ɗaya a cikin wannan tafiya, ƙa'idar harshe ce take aiki.

A Nijar, inda boko ya zo da Faransanci, sai aka rubuta abin da kunne ya ji da ƙa'idar Faransa, inda "ou" ke tsayawa a madadin "u". Mahamadou Issoufou, shugaban Nijar daga 2011 zuwa 2021, Muhammadu Isuhu ne da rubutun Faransawa. A Senegal ga mawaƙi Youssou N'Dour. A ƙasar Yarabawa da arewacin jihar Edo aka sami Yesufu, kamar sunan 'yar gwagwarmayar nan Aisha Yesufu.

Kuma ba Yusuf kaɗai Yarabawa suka yi wa haka ba. Abdulhamid ya zama Lamidi, sunan marigayi Alaafin na Oyo Lamidi Adeyemi. Abubakar ya zama Bakare, Badamasi ya zama Gbadamosi, Abdul'aziz ya zama Lasisi, Ibrahim ya zama Buraimo. Kafin mu yi musu dariya, mu tuna mu ne muka mai da Abubakar Habu da Garba, Muhammad Mamman, Idris Idi, Khadija Dije, Maryam Mairo. Wanda ya ce Habu ba shi da bakin yi wa mai cewa Bakare dariya.

Bahaushe bai tsaya nan ba, ya ba sunan inkiya. Kamar yadda ake ce wa Umaru Sanda, Usmanu Shehu, A'isha Indo, haka ake ce wa Yusufu Maitama. Marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda ya rasu a 2017, shi ne misalin da kowa ya sani. A tarihin Kano ma, yaƙin basasar da aka fara a 1893 tsakanin Tukurawa ne da Yusufawa, magoya bayan Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi. Sunan ya daɗe da zama ɗan gida.

MASU CEWA A FAƊE SHI YADDA YA ZO A ALƘUR'ANI KAWAI

Akwai 'yan uwa, musamman matasa masu karatu, da ke ganin cewa Isuhu ko Yusufu ɓata sunan Annabi ne. Niyyarsu mai kyau ce, girmama Annabawa suke so, kuma a wuri ɗaya muna tare da su ɗari bisa ɗari: a karatun Alƙur'ani ba a canza ko wasali ɗaya. Wanda ya zo aya ya karanta Isuhu ya yi kuskure, dole a gyara masa.

Amma kiran mutum a gida da kasuwa wani abu ne daban. Mun riga mun ga cewa shi kansa lafazin Yusuf shigar da sunan aka yi cikin tsarin Larabci daga wani harshe. Sannan gajarta suna don ƙauna abu ne da Larabawa suka sani, har ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah (SAW) ya kira Nana A'isha da gajeren sunanta, ya kuma yi wa Abu Huraira haka. Malaman jihadi da suka rubuta ɗaruruwan littattafai da Larabci, jama'arsu na kiransu Shehu Usmanu da Muhammadu Bello, ba mu ji wannan ya rage musu daraja ba. Babban masanin tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya rasu a 2005, da "u" ɗinsa ya riƙa sa hannu a littattafansa, kuma ba rashin ilimi ya sa shi ba.

Abin da ya kamata a hana shi ne karkatar da suna don izgili, ko laƙaba wa mutum abin da ba ya so. Wannan Suratul Hujurat ta yi hani da shi. To yaron da ke dariyar Isuhu, shi ne ya fi kusa da wannan laifi, ba tsohon da ke amsa sunan ba. Mu da ke renon 'ya'ya nesa da gida ya kamata mu fi kowa kula. Yaron da ya tashi yana jin kunyar yadda kakarsa ke kiran suna, gobe Hausar gaba ɗaya zai ji kunya. Mun ga gidajen da hakan ta faru, yara sun iya Yarabanci da Turancin buroka, amma in aka kai su gida hutu sai an yi musu tafinta.

MU DA MAƘWABTANMU

Wasu za su ce, to me ya haɗa mu da Joseph? Ba muna cewa addinan ɗaya ba ne, ba kuma muna cewa Musulmi ya raɗa wa ɗansa Joseph ba. Kowa da aƙidarsa. Abin da muke cewa shi ne suna ba katanga ba ne kamar yadda ake ɗauka. Littafi Mai Tsarki na Hausa Yusufu yake rubutawa, shi ya sa Kiristocin Arewa da yawa ke amsa Yusufu, irin su Farfesa Yusufu Turaki, malamin addinin Kirista daga kudancin Kaduna. Marigayi Janar Joseph Garba na Langtang, wanda ya shugabanci Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989, ya haɗa Joseph da Garba a suna ɗaya. A ƙasar Larabawa, Kiristan Masar ko Labanon Yusuf yake cewa, kamar Musulmin da ke kusa da shi.

Wannan ilimi yana da amfani a inda muke zaune. Duk mun san cewa a lokutan rikici a ƙasar nan an sha tare hanya a tambayi mutum sunansa, amsar da ya bayar ta zama sanadin tsira ko halaka. Mun kuma san cewa akwai mai neman hayar ɗaki ko aiki da ake juya wa baya da zarar ya faɗi suna, har wasu matasa kan ɓoye nasu su ari wani. Ba mu goyon bayan ɓoye suna, domin wanda ya fara da ɓoye sunansa bai san inda zai tsaya ba, kuma ranar da aka gano, amanar da ake nema ita ce za ta fara zubewa. Amma muna ganin yaron da ya san cewa Joseph na ajinsu takwaransa ne, iyayensu addu'a ɗaya suka yi ranar suna, zai yi wuya a zuga shi ya ɗauki dutse saboda suna kawai. Haka shi ma Joseph ɗin in ya sani. Ku faɗa musu, hira ce mai daɗi a shago ko a teburin mai shayi.

Kuma kada mu manta, suna fata ne, ba tabbaci ba. Hausawa sun ce suna linzami, amma linzami sai da mai riƙo. Stalin na Tarayyar Sobiyat, wanda miliyoyin mutane suka halaka a mulkinsa, shi ma wannan suna yake amsawa. Wanda aka sa wa Yusuf, abin da ake jira daga gare shi shi ne halin mai sunan: kamun kai lokacin da aka rufe ƙofofi, haƙuri a kurkuku, riƙon amanar taskar ƙasa, da yafe wa 'yan uwan da suka jefa shi rijiya.

INDA MATSALAR TAKE: TAKARDA

Da Larabci ko ajami sunan haruffa huɗu ne, ya da wawu da sin da fa, ba mai saɓawa. Da boko kuwa ga abin da muke gani a takardun mutanenmu: Yusuf, Yusufu, Yusuff, Yussuf, Yussuff, Yousuf, Yusif, Isuhu, Isufu, Yesufu. Dalili sananne ne. Uba ya je sa yaro makaranta, bai iya boko ba ko yana sauri, ya faɗi suna da baki, wanda ke riƙe da biro ya rubuta yadda ake rubutawa a garinsu. Shekara shida bayan haka wani ya sake rubutawa yadda ya ga dama. A banki wani dabam. Ba mugunta ba ce, kowa abin da ya saba ya rubuta.

A da wannan ba ya hana komai, domin mutum ne ke duba takarda, ya kalle ka ya gane kai ne. Yanzu kwamfuta ce ke dubawa, ita kuwa ba ta san Yusuf da Yusuff mutum ɗaya ba ne. Tun da Babban Bankin Najeriya ya fito da lambar BVN a 2014, aka zo aka ce a haɗa layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, sannan daga 2021 hukumar JAMB ta wajabta NIN ga mai rajistar jarrabawa, takardun mutum sun koma magana da juna. Harafi ɗaya ya saɓa, sai a ce ka dawo.

A matsayinmu na masu riƙe da rajistar mambobi, muna ganin sakamakon. Yaro ya ci jarrabawa, an zo tantancewa a makaranta, sunan da ke takardar sakandare ya fi na katin ɗan ƙasa da "f" ɗaya. Dattijo ya tara kuɗin Hajji shekara da shekaru, an zo fasfo an tarar takardunsa ba su jitu ba. Mafi ban tausayi, magidanci ya rasu, iyalinsa sun je karɓar abin da ya bari a asusu, takardar mutuwa ta ce Isuhu, asusu ya ce Yusuf, marayu suna jira. Gyara kuwa sai an yi takardar rantsuwa a kotu, sau da yawa a buga sanarwa a jarida, a biya kuɗi, a rufe shago a yi ta zirga-zirga. Ga mai sayar da goro ko mai tura baro, kwana uku ba ciniki ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma matsalar da al'adarmu ta alkunya ke jawowa. Yaron da aka mayar wa sunan kakansa Yusuf, uwa ba za ta kira sunan surukinta ba, sai a ce Abba ko Baffa ko Baba ko Halifa. Al'ada ce mai kyau, ba mu ce a bari ba. Amma sai yaro ya shiga firamare da Abba, ya yi katin ɗan ƙasa da Yusuf, ya zama mutum biyu a idon hukuma. Haka nan tsarin suna: mu sunan uba muke bi, fom kuwa yana tambayar sunan iyali. Yau a rubuta Yusuf Ibrahim, gobe Ibrahim Yusuf, jibi a ƙara sunan gari a ƙarshe.

ABIN DA MUKE BA DA SHAWARA

Na ɗaya, ranar suna, bayan an yi addu'a an raba goro, uba ya sa a rubuta cikakken sunan yaro da boko a takarda, a adana. Ba mu damu da wane rubutu gida ya zaɓa ba, Yusuf ko Yusufu ko Isuhu, duk daidai ne. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai.

Na biyu, a karɓo wa yaro takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da wuri, da wannan rubutun. Ita ce uwar takardu, sauran duk daga gare ta za a kwafa.

Na uku, duk inda za a rubuta suna, makaranta ko asibiti ko banki, kada a faɗa da baki. A miƙa takarda a ce a kwafa. Kafin a bar wurin a karanta abin da aka rubuta harafi bayan harafi. Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da wanda ya iya, ba abin kunya ba ne.

Na huɗu, sunan alkunya da inkiya su tsaya a gida. In ana so su shiga takarda, to su shiga tun daga takardar haihuwa a matsayin suna na tsakiya, su kuma zauna a wannan gurbi har abada.

Na biyar, kowane magidanci ya ware yini ɗaya a wannan wata ya baje takardun gidansa, nasa da na matarsa da na yara, ya gwada su da juna. In an ga saɓani a fara gyara yanzu da babu abin da ke kora. Musamman masu 'ya'ya a aji biyar da shida na sakandare, da masu niyyar Hajji ko Umara. Rigakafi ya fi magani.

Mun ɗauki Yusuf ne misali saboda yawansa a cikinmu, amma maganar ta shafi Muhammad da Mohammed da Muhammadu, ta shafi A'isha da Aishat da Aishatu, ta shafi Khadija da Hadiza da Kadijat. Masu waɗannan sunaye su ma su duba nasu.

Iyayenmu da suka zo Kudu da fataucin goro da shanu sun riƙe sunayensu yadda suka zo da su, suka zauna lafiya da masu masaukinsu, kowa na kiran ɗan uwansa yadda bakinsa ya iya. Wannan mu riƙe shi. Abin da zamani ya ƙara mana shi ne takarda, ita kuma kulawa kawai take so.

Allah ya raya mana zuri'a, ya sa su yi halin masu sunayensu na gari, ya ƙara mana zaman lafiya da maƙwabtanmu. Duk Yusufun da ya karanta wannan, da Isuhu da Maitama, a isar wa na kusa.

Wassalamu alaikum.

Sakatare